Makulli Guda da Sunan Baba

Na daɗe a aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, har yaran da ke fitowa daga makaranta yanzu tanti, wato gwaggo, suke ce mini, kuma na manta fiye da rabin ofisoshin da na yi wa aiki. Amma akwai aiki ɗaya da na yi a Filinge, garin da aka haife ni, wanda ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina ba zai fita raina ba. Aikin bai wuce na yini biyu ba. Kuskuren da na tafka a cikinsa bai ci minti goma ba, amma wani bawan Allah ne ya ɗauke shi a ka har kabarinsa.

Lokacin soja ne ke riƙe da ƙasa, kuma daminar da ta wuce ta yi gardama, rumbuna sun koma wayam tun kafin zafi ya kankama. Ni kuwa ina Yamai, ina aiki a wani ƙaramin kamfani, shekarata ta biyu da karɓar difloma, kaina sai hayaƙi yake. Gani nake babu abin da zai gagare ni muddin da waya a jikinsa. Sai wani poroje, wato shirin taimako, ya ba wata tarayyar ƙungiyoyin manoma ta ƙasar Kurfai na'urori, don a zuba sunayen gidajen da za a raba wa irin hatsi kafin ruwan shuka. Da yake ni 'yar can ce, patorona, wato maigidana a kamfani, ya ce ni zan je in haɗa musu babbar na'urar, wadda muke kira sarbar, in sa mata manhajar rumbun bayanai.

Patoron nan mutum ne mai tsantseni har ya kan ba mu haushi. Kafin in tashi ya miƙo mini takarda mai layi-layi, kowane layi da ɗan akwatin da zan sa wa alama in na gama. Abin da takardar ke cewa na san shi kamar Fatiha. Ba a sa manhajar rumbu sai an shirya mata gida. Da farko a buɗe mata nata kwant, wato ƙofar da ake shiga na'ura da suna da kalmar sirri, kwant ɗin da ba na wani mahaluki ba ne, kuma shi kaɗai ke da iko a kan ɗakin da bayanan za su kwanta. Sa'an nan kowane ma'aikaci a buɗe masa nasa da sunansa, a ba shi izini daidai aikinsa: wannan ya duba kawai, wancan ya ƙara suna, wata ta gyara. Ikon sharewa kuwa ba a ba kowa shi a hannu, a kan rubuta kalmarsa a liƙe a ambulan a ajiye don ranar larura. Amfanin wannan duka shi ne na'urar tana rubuta sawun kowa, in wani abu ya faru a san hannun da ya taɓa.

Shugaban tarayyar ba baƙo ba ne a wurina. Aminin mahaifina ne, shi ya raɗa mini suna a kunne, kuma da mahaifina ya rasu shi ya tsaya a kaina na ci gaba da lakkol lokacin da dangi ke cewa karatun ya isa haka. Baba nake ce masa, shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, sai ɗiyata. Mutum huɗu ke ƙarƙashinsa: sakatariya, da mai kula da magazan inda ake jibge buhuna, da wasu samari biyu masu zagaya ƙauyuka a kan moto, wato babur, suna rubuto sunaye. Abu biyu na lura da su tun ranar farko. Makullin magazan yana rataye a ƙusa bayan kujerar Baba, wanda duk ke da bukata ya miƙa hannu ya ɗauka. Da azahar kuma a kan kawo ƙaton kwano na dambu da kopto, wato kwaɗon ganye, daga gidan Baba, mazan su zagaye shi a ƙasa, a ɗebar wa sakatariya nata a murfi. Ranar ni da ita muka ci a murfin.

Washegari da hantsi, bayan na gama jan wayoyi, na tara su na fara yi musu bayani, ina jin kaina kamar malamar jami'a. Ban yi nisa ba Baba ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗiyata. Wanga na farko da kic ce ba na kowa na ba, wa ad da shi? Aljani za ki ɗauka muna aiki?"

Aka fashe da dariya, har da ni. Na ce, "Baba, na injin na da kanshi."

"To, mun ji, injin ya samu nashi. Sauran fa?"

Na ce kowa zai zaɓi kalmarsa ta sirri, kada ya nuna wa ɗan'uwansa. Sai dariyar ta fara janyewa. Na ci gaba, don ban iya karanta fuska ba a lokacin, na ce ko Baba ma kwant ɗinsa ba zai iya share suna ba, sai an buɗe ambulan. Mai magazan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wai nan ciki akwai inda Baba ba shi iya shiga? Ke kuma kina iyawa?"

Baba bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini ba. Ya juya ya nuna ƙusar da ke bayansa. "Diba, ɗiyata. Shekara da shekaru makullin ga shina nan rataye, ko ƙwayar hatsi ba ta taɓa ɓacewa ba. Kwano guda muka ci. Yau kiz zo daga Yamai ki ce mu dinga ɓoye ma juna baki? Gaya min, wa kika zargi cikinmu?"

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan tambaya ba. A wurinmu raba wa mutane makulli kamar ce musu ɓarayi ne, kuma ɗiya ba ta rufe wa uba ƙofa a gidansa, balle a gaban yaransa. Ina da amsa, tana nan a takardar da ke cikin jakata, amma kunya ta danne ta. Ni da ke gardama da malamai a Yamai har su gaji, sai ga ni ina wasa da bakin mayafina ina cewa, "A'a Baba, ban zargi kowa ba."

"To ki yi muna guda, da sunana. Wanda duk yat taɓa, ni na."

Haka na yi. Na buɗe kwant ɗaya da sunan Baba, na ɗora masa dukan iko, na dubawa da na ƙarawa da na sharewa, na sa manhajar rumbun a ƙarƙashinsa. Ko na injin ban buɗe ba, don na ga abin ya zama na dariya. Sakatariya ta yago kwalin sukari ta rubuta kalmar sirrin a kai, ta huda, ta rataye a ƙusar nan tare da makullin magazan. Kowa ya saki fuska, Baba ya yi ta sa mini albarka. A cikin motar komawa Yamai na fito da takardar patoro na bi akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya na sa musu alama, na sa hannu a ƙasa, don a miƙa wa poroje. Na ce wa raina in an gama rabon iri zan dawo in lallaɓa Baba in gyara. Da na sauka a tasha na manta da zancen.

Makonni suka wuce, ruwan farko ya sauka. Wata Laraba da rana ina ofis wayata ta yi ƙara, na ga sakatariyar ce. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Sun tahi da Baba."

"Su wa?"

"Soja. Tun shekaranjiya."

Da kyar na tattara labarin daga bakinta, don kuka take yi ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji ta. Wani ƙauye guda na wajen Tondikandia ya ɓace ɗungurungum daga cikin rumbun kafin ranar rabo. Na'urar ta raba irin a kan gidajen da ta gani, aka loda, aka kai, magazan ya koma fanko. Mutanen ƙauyen suka yi ta jira, har ruwa ya sauka suna kallon maƙwabtansu na shuka. Sai suka hau amalanke suka zo Filinge suka kai ƙara. A lokacin kuwa hukuma ba ta wasa da zancen kayan taimako, ana kama mutum a kan buhu ɗaya. Aka turo wani kapitan da wani masanin na'ura, suka buɗe littafin sawu na sarbar, suka ga an share ƙauyen wata Talata da safe, da sunan Baba. Abin da ya ƙara dagula lamarin, duk Kurfai an san akwai tsohuwar rigimar rijiya tsakanin gidan su Baba da mai garin wannan ƙauye.

Na ce, "To ba ku gaya musu kowa na shiga da sunan ba? Kwalin fa?"

Ta ce, "An cire kwalin. Kowa tsoro shikai. Kuma sun ce akwai takarda da hannunki, wadda tac ce kowa da nashi."

Sai lokacin na ga abin da na yi tsirara. Takardar da na cika a mota ina hamma ita ce ta zama shaidar cewa babu wanda ya san kalmar Baba sai Baba. Ba soja suka kulle shi ba, sa hannuna ne.

Ban gaya wa patoro ba, na ce masa rasuwa aka yi mana. Washegari da sassafe na shiga motar Filinge. Ban taɓa jin tsawon hanyar nan kamar ranar ba. Dama da hagu mutane ne a gonaki, maza na sara da sungumi, mata da yara na bin su suna jefa iri suna takewa, ni kuwa duk wanda na gani sai in tuna da ƙauyen da ba su da abin jefawa. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: rabin hanyar ƙarya nake shiryawa. Zan ce cuta ce ta shiga na'urar, zan ce wutar lantarki ce ta ɗauke ta lalata rumbun. Na san kalmomin da zan jera har kapitan ya ruɗe. Sai in tuna akwai masanin da ya zo da shi, wanda zai gane ƙaryar. In na faɗi gaskiya kuma, na amsa da bakina cewa na yi wa poroje ƙarya a rubuce, a zamanin da ba a tambayar soja dalili. Aikina zai tafi, wataƙila ni ma a ajiye ni kusa da Baba. Matar da ke gefena ta miƙo mini ruwa ta ce ko ba ni da lafiya ne, na ce mata motar ce ke juya ni.

Gidan Baba na fara sauka. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta rungume ni tana cewa, "Alhamdu lillahi, ga wadda tas san injin ta zo. Ke za ki gaya musu babanki bai iya wanga abu ba." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ba ni kwanon abincinsa na kai masa inda ake tsare da shi.

Na same shi zaune a kan tabarma ƙarƙashin wata bishiya a tsakar wurin, wani soja na gefe a kan benci. Ba rawani a kansa. Tunda nake ban taɓa ganin kan Baba a buɗe ba, ban san furfurarsa ta kai haka ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni hanya, ya tambayi ko an yi ruwa a Yamai, kamar a zaurensa muke.

Na ce, "Baba, don mi ba ka gaya musu ba?"

"In gaya musu mi? In ce su kama yarana huɗu? Ni nic ce a sa sunana."

"Amma takardar da nis sa ma hannu…"

Ya katse ni. "Na ji zancenta. Kak ki sa kanki ciki, ɗiyata. Aikinki sabo na, ke kuma mace ta, in sunanki ya ɓaci ba shi gyaruwa. Ni na tsufa. Koma Yamai."

Wato ya san ƙaryar da na yi, ya san ita ta ɗaure shi, kuma ni yake tausayi. Na tashi. A bakin ƙofa na tsaya na tambayi sojan inda zan ga kapitan, da sauri, kafin tsoro ya dawo mini.

Kapitan ya ce mu haɗu a ofishin tarayya da safe. Ya zo da masaninsa, aka kawo Baba, ma'aikatan huɗu na tsaye jikin bango kowa ya sunkuyar da kai. Ƙusar nan na kalla, makullin magazan ne kaɗai a jikinta. Kapitan matashi ne, ba mai hayaniya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ajiye takardata a kan tebur ya sa yatsa a kan sa hannuna.

"Madam, wannan hannunki ne?"

"Nawa ne, mon kapitan."

"Kin ce kina da magana."

Na ce, "Abin da ke cikin takardar nan ban yi shi ba. Kwant guda ne a na'urar, da sunan Baba, kuma kowa da shi yake shiga."

Ya dube ni. "To ko dai kin yi ƙarya ranar da kika sa hannu, ko kina yin ta yau don ki fid da tsohonki. Wacce ce?"

"Ta ranar ce."

Na roƙi masanin ya bar littafin sawu ya buɗe jerin masu kwant, abin da bai yi ba tun farko saboda ya yarda da takardata. Ya buɗe. Suna ɗaya ne tal. Na ce ya koma littafin ya duba wa ya shigar da sunayen gidajen tun daga na farko. Duk Baba ne, safe da yamma, har da ranar da rabin garin nan suka gan shi a garin Tabla wajen jana'izar wani ɗan'uwansa. Kapitan ya juya ya ce wa Baba ya zauna ya nuna masa yadda ake share suna. Baba ya zauna ya ɗauki linzamin na'urar ya ɗaga shi sama yana nuna wa allon, kamar mai kunna talabijin. A wata rana da an yi dariya.

"Ana iya yin wannan da gangan," in ji kapitan. Ya dubi na jikin bango. "Ku fa? Akwai wanda ya san kalmar?"

Ba wanda ya motsa. Na san in suka musa, maganata ta zama rabi. Sai sakatariya ta sa hannu a jakarta ta fito da kwalin sukarin nan da hudarsa, ta ajiye a kan tebur. Ta ce, "Dukanmu mun sani. Ga ƙusa yake." Ɗaya bayan ɗaya sauran suka gyaɗa kai.

Na zaci an gama. Sai kapitan ya yi tambayar da har yau nake jin ta.

"To ranar Talatar, wa ke cikin ofis?"

Dukansu biyar suna nan, har da Baba.

"Madam, wa ya share ƙauyen?"

Na ce, "Ba za a taɓa sani ba, mon kapitan." Na yi masa bayani cewa mai yiwuwa ma ba da nufi ba ne, don wurin share gida ɗaya da wurin share ƙauye duka suna kusa da juna, wanda ya zo cire sunan da aka maimaita zai iya kuskurewa bai ma sani ba. Da na yi aikina yadda aka ce, da na'urar ta ƙi shi, ko kuma ta rubuta sunansa. Yanzu ba ta san kowa ba sai Baba, kuma ni na hana ta sani.

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Ya ce ba zai riƙe mutum a kan shaidar da ba ta nuna kowa ba, a mayar wa tsoho da rawaninsa. Ni kuma ya ce zai rubuta wa kamfaninmu, ya kuwa rubuta. Patoro ya yi wata da watanni bai sake tura ni ko'ina ba, ina zaune ina goge ƙurar tsofaffin na'urori, kuma ban ga laifinsa ba. An nemo wa ƙauyen wani iri daga baya, amma shukarsu ta makara, abin da suka girba a shekarar bai taka kara ya karya ba.

Ranar da aka saki Baba na yi zaton murna za a yi. Da azahar Inna ta aiko da kwanon dambu, ya fi na kullum girma. Aka ajiye shi a tsakar ofis. Mai magazan ya ce shi azumi yake. Samarin moto suka ce ana jiransu a wani ƙauye, suka fita ba tare ba, kowa ya kama hanyarsa. Sakatariya ta ce cikinta ba daɗi. Kowannensu yana satar kallon ɗan'uwansa, yana auna ko shi ne ya bari tsoho ya kwana huɗu a tsare bai buɗe baki ba. Baba ya zauna shi kaɗai a gaban kwanon, ya kai loma biyu ya rufe. Zargin da ya guje wa ranar da ya nuna mini ƙusa, shi ne ya shigo ya zauna a ɗakin, kuma ta ƙofar da na bari a buɗe ya shigo.

Washegari na kwashe bayanan, na sauke manhajar, na fara daga tushe yadda takarda ta ce. Na buɗe na injin, ba wanda ya yi zancen aljani. Na buɗe wa kowa nasa, kowa ya zo ya buga kalmarsa yana kare allon da kafaɗa. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da na zo kan Baba na tambaye shi irin izinin da yake so, sai ya ce, "Yi min ƙarami, ɗiyata. Na dibawa kawai." Da kaka ta yi ya ajiye shugabancin, ya ce idanunsa sun gaji.

Shekaru suka shuɗe, soja suka koma bariki, farar hula suka dawo, na yi aure na haihu. Duk zuwana Filinge sai na je gaishe shi, bai taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya, ni ma kunya ta hana ni. Na ɗauka abin ya wuce, tunda hukuma ta sake shi.

Da ya rasu na je zaman makoki. Muna cikin gida tare da Inna, mata na shigowa ƙungiya-ƙungiya, sai ga wasu daga ƙauyen nan na wajen Tondikandia. Wata tsohuwa a cikinsu ta zauna kusa da ni, ba ta san ni ba. Bayan an shafa addu'a ta karkato ta ce mini a hankali, da zuciya ɗaya, ba da mugunta ba, "Mutumen kirki na. Allah shi gahwarta mishi, har da abin da yay yi muna shekarar iri. Mu dai mun yahe."

Na ce mata, "Ba shi na ba. Wallahi ba shi na ba. Ni nih haɗa injin, kowa da sunanshi ka shiga." Na fara yi mata bayanin kwant da izini, a gidan makoki, hawaye na zuba, ina jin yadda maganar ke fita ba kai ba gindi. Ta dafa gwiwata don ta rarrashe ni.

"Sai hanƙuri, ɗiyata. Kina sonshi, shi ya sa. Amma sunanshi anka gani."

Gaskiya ta faɗa, sunansa aka gani, kuma ni na rubuta shi a wurin.

Tun daga ranar da na ga kan Baba ba rawani, ban sake sa manhajar rumbu a na'urar kowa ba sai na zauna na raba wa kowa ƙofarsa da iyakarsa, kuma ban sake sa alama a akwatin abin da ban yi ba. An ce mini mai taurin kai, wani darakta ya taɓa korata daga ofishinsa a kan haka, na ɗauki jakata na fita ban ji komai ba. In babba ya tambaye ni wa nake zargi, yanzu ina da amsa: ban zargi kowa ba, so nake ranar da abu ya ɓaci mai gaskiya ya sami abin da zai wanke shi. Abin da na koya shi ne kunya ba ita ce ladabi ba. Na ji nauyin in ce wa Baba a'a na minti goma a gaban yaransa, sai na bar shi da abin da mutane suka yi ta yafe masa har ranar da aka binne shi, alhali wataƙila bai taɓa aikata shi ba.